Harin komowa: Yadda gwarzon wasan bidiyo ke ceton kansa daga bakin halaka

Duk wanda ya taɓa kallon dambe, ko a gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano ko a filayen karkara bayan kaka, ya san ƙa'ida guda da ba ta sauyawa: ɗan damben da hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare. Ƙasa ita ce makasa. Akwai kuwa wani nau'in wasan bidiyo na faɗa da ya juya wannan ƙa'ida baibai. A cikinsa taɓa ƙasa shi ne tsira, wanda ya rasa inda zai dafa kuma shi ne matacce.

Ana kiran wannan nau'i wasan faɗa na kan dandamali. Shekaru da dama an fi saninsa a na'urorin kamfanin Nintendo na Japan, waɗanda ba su yi kasuwa a Arewa kamar PlayStation ba. Amma tun daga shekarar 2020 irinsa ya sauka a wayoyin hannu kyauta, ta yadda wayar da aka sayo a kasuwar Farm Centre a Kano aka kai wa yaro a Gafasa da ke Ƙaramar Hukumar Ajingi, ko a cikin garin Gaya, za ta iya ɗaukarsa. Uban da ya leƙa allon zai ga abin mamaki: an daki gwarzo ya yi nesa da filin faɗa, yana ta faɗawa rami, sai kwatsam ya cilla sama da naushi ko takobi ya dawo. Wannan motsi shi ne harin komowa, kuma a kansa wasan ya ginu. Wanda ya fahimce shi ya fahimci dalilin da ya sa ake cin wani, ake kuma cinye wani, da dalilin da ya sa raunin sabis ɗin waya yake yi wa mai buga wannan wasa illa fiye da mai buga wasan ƙwallo.

Faɗan da babu ma'aunin jini

Masu zuwa gidajen gem sun saba da Mortal Kombat da Street Fighter. A waɗannan, kowane gwarzo yana da ma'aunin jini a saman allo, ana dukansa yana raguwa, idan ya ƙare shi ke nan. A ranar 21 ga Janairun 1999 aka fitar da wasan Super Smash Bros. a Japan a kan na'urar Nintendo 64, wanda Masahiro Sakurai ya jagoranci ƙirƙirarsa a kamfanin HAL Laboratory, da gwaraza 12. Shi wannan wasa bai zo da ma'aunin jini ba. A madadinsa akwai lambar illa, wadda take farawa daga sifili tana hawa da kowane duka, har tana iya kaiwa 999.

Ita wannan lamba ba ta kisa da kanta. Aikinta shi ne ta ƙara nisan da gwarzo zai cillu idan an dake shi. Dukan da zai ɗan gusar da mai lamba 20 taku biyu, shi ne zai wurga mai lamba 130 can wajen fili. Nauyin gwarzo ma yana shiga lissafi. A sabon wasan jerin, wato Super Smash Bros. Ultimate da ya fito ranar 7 ga Disambar 2018, Bowser ne mafi nauyi da ma'auni 135, Pichu ne mafi sauƙi da 62, Mario kuma yana tsakiya da 98.

Filin faɗan kansa dandamali ne da ke rataye a sarari. A kewaye da shi, ta hagu da dama da sama da ƙasa, akwai iyakoki huɗu da ido ba ya gani, waɗanda za mu kira layukan halaka. Gwarzon da ya ƙetare ɗaya daga cikinsu ya rasa rai guda. A gasannin Ultimate an saba ba kowa rai uku, kamar yadda dambe yake da turmi uku.

Hanyar kisa ke nan iri biyu ce. Ko dai a yi wa gwarzo dukan da zai ƙetarar da shi layin kai tsaye, ko kuma a fitar da shi wajen dandamali a hana shi dawowa har ya faɗa ƙasa. Hanya ta farko tana buƙatar lamba mai yawa. Ta biyu kuwa tana iya faruwa ko da lambar ba ta kai 40 ba. Wannan ne ya sa komowa ta zama rabin wasan.

Guzurin da ke hannun wanda aka fitar

Da zarar an fitar da gwarzo, yana da ƙayyadadden guzuri, kuma mafi yawansa ba ya sabuntuwa sai ya taka ƙasa ko ya kama bakin dandamali.

Na farko shi ne karkata. Ɗan wasa yana tura 'yar sandar sarrafawa zuwa ɓangaren dandamali, gwarzon ya riƙa gangarowa a hankali ta wannan fuska. Wannan ba ya ƙarewa, sai dai ba ya ɗaga kowa sama. Tun a lokacin da dukan ya sauka ma, ƙwararru kan karkatar da sandar domin su ɗan sauya kusurwar da za su cillu, su nufi kusurwar allo inda layin halaka ya fi nisa.

Na biyu shi ne tsalle a iska. Yawancin gwaraza suna da guda ɗaya tak bayan barin ƙasa. Kaɗan daga cikinsu, irin su Kirby da Jigglypuff, suna da biyar. Muhimmin abin lura a nan shi ne, idan gwarzo ya kashe tsallensa sannan aka sake dukansa, tsallen ba ya dawowa. Ya tafi ke nan sai an taka ƙasa.

Na uku shi ne gocewa a iska, wadda a Ultimate ake iya ba ta fuska, ta ɗan matsar da gwarzo tare da kare shi daga duka na ɗan ƙiftawa. Ita ma sau ɗaya ake yin ta, kuma tana barin gwarzo cikin jinkiri mai tsawo bayan ta ƙare.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne harin komowa. Ana yin sa ta hanyar tura sanda sama tare da danna madannin hari na musamman. Ga mafi yawan gwaraza shi ne abin da ya fi ɗaga su sama, kuma shi ne na ƙarshe da ake kashewa, saboda dalilin da za mu gani yanzu.

Abin da ke faruwa a cikin sakan guda

Wasan yana zana hotuna 60 a kowane sakan, kuma da waɗannan hotuna ake auna komai. Hoto guda bai kai kashi 17 cikin dubu na sakan ba. Idan aka warware harin komowa bisa wannan ma'auni, za a ga matakai huɗu.

Matakin farko shi ne shiri, wato lokacin da ke tsakanin danna madanni da soma aikin harin. Na Mario yana fara duka tun a hoto na 3, ba ya ba abokin karawa damar ko da motsawa. Na Fox kuwa yana tsayawa cak a iska yana tara wuta fiye da rabin sakan kafin ya cilla. A wannan tsayuwa kowa ya ga inda yake, kuma ana iya zuwa a same shi.

Mataki na biyu shi ne tafiya. A nan na'ura takan jingine jan ƙasa da ke kan gwarzon na ɗan lokaci, ta ɗora shi a kan tafarkin da aka tsara wa harin. Wani tafarkin a miƙe yake zuwa sama, wani a karkace, wani kuma ɗan wasa ne ke zaɓar fuskarsa.

Mataki na uku yana tafiya tare da na biyu, shi ne duka. Na'urar ba ta ganin naushi ko takobi kamar yadda idonmu ke gani. Abin da take gani da'irori ne iri biyu: da'irar jiki, wadda idan an taɓa ta gwarzo ya ji ciwo, da da'irar duka, wadda idan ta taɓa jikin wani ta yi masa illa. Yayin harin komowa ana manna da'irar duka a hannu ko makamin gwarzon, ta zama masa garkuwa daga wanda ya zo tare shi. Wannan ne ya sa ake kiransa hari, ba tsalle kawai ba. A wasu gwarazan ana cire da'irar jikin gaba ɗaya na 'yan hotuna, duka ya ratsa su kamar iska. A wasu kuma, irin su Ike da ke wurga takobinsa sama ya bi shi, duka yana taɓa su lamba ta hau, amma ba ya ture su daga tafarkinsu na wani ɗan lokaci.

Mataki na huɗu shi ne biyan bashi. Da harin ya ƙare, mafi yawan gwaraza sukan shiga halin rashin kataɓus. Ba tsalle, ba hari, ba gocewa. Gwarzo yana gangarowa kamar buhun da aka sako daga saman mota, abin da ya rage masa kawai shi ne 'yar karkata hagu ko dama. Idan hannunsa ya kai bakin dandamali ya tsira. Idan ya gaza da ɗan yatsa guda, ɗan wasa zai zuba ido yana kallon ransa na tafiya. Idan kuma ya wuce bakin ya sauka a saman dandamali, akwai ƙarin jinkirin sauka da zai ba abokin karawa damar shirya masa duka mafi nauyi.

Akwai wata ƙa'ida da ke ɗaure wa sababbin 'yan wasa kai. Idan aka daki gwarzon da ke cikin halin rashin kataɓus, harin komowarsa yana dawo masa. Saboda haka wani lokaci mafi munin abin da za ka yi wa wanda ya riga ya gaza shi ne ka ƙyale shi. Mai zumuɗin ƙara masa duka yakan ba shi rai da hannunsa.

Dalilin wannan tsari a fili yake. Da harin komowa ba shi da farashi, da babu wanda zai mutu a wajen dandamali, wasa ya zama ba shi da ƙarshe. Masu ƙirƙira sun ba gwarzo nisa, suka karɓi kariya a madadinsa.

Kowane gwarzo da irin nasa

Ultimate yana da gwaraza sama da 80, kuma idan aka duba harin komowarsu za a ga ciniki iri guda ne ake maimaitawa da fuskoki daban-daban: abin da aka ƙara ta nan, an rage shi ta can.

Akwai masu naushi zuwa sama, irin Mario, wanda tsabar kuɗi ke fita daga jikin wanda ya daka, abin da ke tuna wa mutane tsohon wasansa na 1985. Irin wannan yana da sauri da kariya, amma nisansa kaɗan ne kuma tafarkinsa sananne.

Akwai masu zaɓar fuska. Fox yana iya cillawa ta kowace kusurwa bayan jinkirinsa. Pikachu yana yin gudu biyu a jere, kowane da fuskarsa, abin da ya sa tare shi ke da wuya matuƙa.

Akwai masu ɓacewa, irin su Zelda da Mewtwo da Palutena, waɗanda ke ɓata a wuri guda su bayyana a wani. A tsakiyar tafiyar ba a iya taɓa su, sai dai a jira su a inda za su ɓulla.

Akwai masu ƙugiya. Mutumin karkara da ya taɓa ciro gugan da ya tsinke a rijiya ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Gwaraza irin su Ivysaur da Byleth da Joker suna wurga igiya ko bulala ta maƙale a bakin dandamali, sannan su ja kansu. Idan bakin yana cikin iyakar tsawon igiyar, komowa ta yi sauri. Idan ya fi ta nisa ko da kaɗan ne, igiyar iska kawai za ta kamo.

Akwai masu mai a tanki. Mutum-mutumin R.O.B. yana tashi da wuta daga ƙasansa, kuma man yana ƙarewa, ba ya cika sai ya ɗan jima a ƙasa. Idan aka sake fitar da shi kafin tankin ya cika, komowarsa ta biyu ba za ta kai ta farko ba. Villager yana tashi da balan-balan biyu, waɗanda abokin karawa ke iya fasawa.

Akwai masu kamu. Captain Falcon da Ganondorf suna tashi da hannu a buɗe. Idan suka cafki wanda ya zo tare su, sukan fashe da shi, kuma su sami damar sake yin harin ba tare da faɗawa halin rashin kataɓus ba.

Mafi ban mamaki shi ne na Ness. Yana fitar da ƙwallon tsawa daga kansa, ɗan wasa ya tuƙa ƙwallon ya zagayo ya daki Ness ɗin ta baya, ƙarfin dukan ya cilla shi. Idan abokin karawa ya sa jikinsa ya tare ƙwallon kafin ya zagayo, Ness ya faɗa ke nan.

Wasu kuma an ba su kaɗan da gangan. Little Mac ɗan damben zamani ne, yana da ƙarfi da sauri ƙwarai idan ƙafarsa na ƙasa, amma yana cikin mafiya raunin komowa a duk wasan. Jigglypuff ma harinta na sama waƙa ce da ke sa barci, ba ta ɗaga ta ko kaɗan, domin an riga an biya ta da tsalle biyar da sauƙin shawagi. Da wannan Jigglypuff ɗin ne Ba'amurken nan da ake kira Hungrybox ya lashe gasar Evo ta 2016 a wasan Melee.

Mai tsaron baki

Komowa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Yayin da wani ke neman hanyar gida, abokin karawarsa yana tsaye a dandamali da cikakken guzurinsa. Wanda ya yi wasan langa a dandali zai gane yanayin: akwai mai neman isa wuri, akwai masu jiran su ture shi kafin ya isa.

Mai tsaro yana da zaɓi da yawa. Yana iya tsayawa a baki ya riƙa jifa daga nesa domin ya cinye tsallen mai dawowa. Yana iya bin sa waje ya yi masa dukan da ke cilla mutum kai tsaye zuwa ƙasa, irin wanda Ganondorf ke yi da ƙafafunsa. Yana iya buga shi da jikin dandamalin ta ƙasa ya yi tsalle-baya zuwa rami, sai fa idan wanda aka buga ya danna madannin kariya a daidai lokacin da ya taɓa bangon. Mario ma yana da mayafin da ke juya fuskar abokin karawa, ta yadda harin komowar zai tafi da shi nesa da gida maimakon kusa.

Sai dai fita waje caca ce ga mai tsaro, domin shi ma da guzuri iri guda zai dawo. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sau da yawa wanda ya bi wani can ƙasa da nufin ƙarasa shi, shi ne ke kasa dawowa.

Shi kuma mai dawowa, babban makaminsa shi ne kada a san abin da zai yi. Yana iya zuwa ta sama ya sauka a dandamali, ko ya nufi bakin kai tsaye, ko ya bari ya gangara can ƙasa sannan ya taso a tsaye. Ƙwararru sukan auna nisa ta yadda harin zai ƙare daidai inda hannu zai kama baki, ba tare da kai ya leƙo sama an dake shi ba. Sukan kuma riƙe tsallensu har sai ya zama dole. Sabon ɗan wasa da an fitar da shi yakan danna tsalle nan take saboda firgita, sannan ya bi shi da harin komowa tun yana nesa. Gogagge ya san haka, jira kawai yake yi.

Ko kama bakin ma bai zama ƙarshen haɗari ba. Tun daga wasan 2014, akwai hotuna biyu a farkon kamun da gwarzo ba shi da kariya. Hotuna biyu kashi ɗaya ne cikin 30 na sakan, ƙasa da ƙiftawar ido. Babu mai iya ganin wannan sannan ya mayar da martani, domin martanin ɗan Adam kan ɗauki kusan rubu'in sakan, wato wajen hotuna 15. Wanda ya yi nasarar duka a wannan taga hasashe ya yi, ya karanci ɗabi'ar abokin karawarsa. Bayan hotunan biyu sai kariya ta zo na ɗan lokaci, sannan mai rataye ya zaɓi ɗaya cikin biyar: ya hau a hankali, ya mirgina ciki, ya yi tsalle, ya hau da hari, ko ya saki ya sake dabara.

Yadda dokokin suka riƙa sauyawa

Tarihin jerin wasan kusan tarihin gyaran wannan ma'auni ne. A Melee na 2001 da Brawl na 2008, mutum ɗaya ne ke iya riƙe baki a lokaci guda. Mai tsaro sai ya riga mai dawowa kamawa, shi kuma ya zo ya tarar da wuri a cike ya zarce rami. A Brawl kuma wasu suka gano cewa suna iya saki su sake kamawa ba iyaka suna sabunta kariyarsu, musamman da gwarzon nan Meta Knight, har lokaci ya ƙare suna kan gaba. Sai da masu shirya gasa suka ƙayyade yawan kamun baki da aka yarda a yi a wasa guda.

A wasan 2014 na na'urorin 3DS da Wii U aka sauya dokar daga tushe. Wanda ya zo daga baya yana ture wanda ke rataye ya karɓi wurin, kuma wanda ya sake kama baki ba tare da ya taka ƙasa ba, ba ya samun kariya. Ultimate ya riƙe wannan tsari, ya kuma mayar da gocewa a iska sau ɗaya, abin da ya dawo wa mai tsaro da ƙarfinsa. Wasan ya sayar da kwafi sama da miliyan 30, kuma gasarsa a Evo ta 2019 a Las Vegas ta tara 'yan wasa sama da 3,500, inda MkLeo na ƙasar Meziko ya yi nasara da Joker, gwarzo mai ƙugiya.

Daga Las Vegas zuwa Gafasa

Nau'in da ya fi sauƙin isa hannun yaro a Gafasa ko Gaya shi ne Brawlhalla, na kamfanin Blue Mammoth Games na Amurka, wanda ya fito cikakke a 2017, kamfanin Ubisoft na Faransa ya saye masu yin sa a 2018, sannan ya sauka a wayoyin hannu a watan Agustan 2020. Sauke shi kyauta ne.

Tushen iri ɗaya ne, amma rassan sun bambanta. Illa a nan da launi ake nuna ta, daga fari zuwa rawaya zuwa ruwan lemo zuwa ja. Harin komowa shi ne hari mai nauyi da aka yi a iska zuwa sama, kuma siffarsa ta danganta ne ga makamin da gwarzo ke riƙe da shi, takobi ko guduma ko mashi ko baka. Babu kama baki. A madadinsa gwarzo yana mannewa a jikin bangon dandamali, taɓa bangon kuma yana dawo masa da tsallensa. Domin kada wani ya mayar da bango gida, wasan yana ƙirga motsin wanda ya daɗe bai taka ƙasa ba, ya nuna alamun gargaɗi a kansa, daga bisani bangon ya daina amfanarsa. Shi ma mai tsaro yana da hari mai nauyi zuwa ƙasa da yake dira da shi a kan mai tasowa.

A nan ne batun sabis ya shigo. Idan saƙo tsakanin waya da cibiyar wasan ya yi jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na sakan, hotuna 12 ke nan suka wuce. A wasan ƙwallo irin su eFootball ko EA Sports FC, irin wannan jinkiri yakan ɓata bugu guda, a ci gaba da wasa. A wasan dandamali kuwa, idan ya faɗo a daidai lokacin komowa, rai guda ne cikin uku ya tafi, kuma babu gyara. Yaron da ke bugawa a inda sabis ke hawa da sauka zai riƙa shan kashi a hannun waɗanda bai kamata su ci shi ba, ya ɗauka rashin iyawarsa ne, ya ƙara sayen data domin ya rama. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ramuwa ta ƙara tsada ga aljihun da ke biya.

Maganin ba mai wuya ba ne. Ita komowa aba ce da ake koya ba tare da abokin karawa na nesa ba. Wasan yana da sashen atisaye da karawa da na'ura, inda mutum zai fita waje da gangan ya gwada iyakar nisan da zai iya dawowa da kowane makami, ya saba da jinkirta tsalle, ya koyi dawowa ta hanya fiye da ɗaya. Abubuwan ado da ake sayarwa da kuɗi a cikin wasan kuwa ba sa ƙara wa harin komowa ko da taku guda, don haka yaron da ya ce sai an saya masa sabuwar riga ko sabon fentin takobi kafin ya daina faɗawa rami, ba a nan matsalarsa take ba.

Ga mai gidan gem da ke tunanin ƙara irin wannan wasa a kan na ƙwallo, lissafin ya fi sauƙi. Idan 'yan wasa suna zaune a gaban allo guda, jinkirin intanet bai shafe su ba, kuma mutum huɗu na iya karawa a lokaci ɗaya a kan na'ura guda. A irin wannan zama ne ake gane wanda ya iya, kuma alamar ba ta ɓuya. A dubi abin da yatsunsa ke yi a sakan na farko bayan an fitar da gwarzonsa: idan ya danna komai a take, bai daɗe da farawa ba. Idan ya saki gwarzon yana gangarowa, idonsa na kan mai tsaron baki, tsallensa da harinsa suna nan a ajiye, to wannan ya san farashin abin da ke hannunsa.